Lokacin da Gem Ya Koma Aiki: Nazarin Lamarin Wani Saurayi a Gombe

Saurayin da wannan nazari ya shafa ɗan yayata ne, ɗalibin jami'a a aji uku, wanda yake da shekara 22 a lokacin da lamarin ya yi tsanani. An haife shi a cikin garin Gombe, kuma ya girma a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ke kusa da fadar sarki. Na sakaya sunansa da na makarantarsa, kuma sai da na karanta masa abin da na rubuta ya amince kafin na fitar. Ni malamin sakandare ne, ba likita ba, saboda haka abin da ke nan shi ne abin da na gani da idona, da abin da ya faɗa mini da bakinsa a tsawon kusan shekara guda, da kuma yadda na fahimci al'amarin bayan na yi kuskure a kansa tun da fari.

A daminar 2024 mahaifiyarsa ta kira ni ta ce, "Ka zo ka yi wa ɗanka faɗa, wayar nan ta shanye shi." Ƙorafin gidan a fili yake: ba ya kwanciya sai bayan ƙarfe biyu na dare, sallar asuba sai rana ta fito, abinci ya huce a gabansa, aike kuwa sai an maimaita sau uku, ga shi ya faɗi kwasa-kwasai biyu da sai ya sake su. Kowa a gidan ya riga ya yanke hukunci cewa son gem ne ya rufe masa ido. Da na zauna da shi a zaure bayan la'asar, na tambaye shi wane irin daɗi ne wannan da ya fi barci da karatu, bai yi ƙoƙarin kare kansa ba. Cewa ya yi, "Kawu, wallahi na fi shekara rabona da jin daɗinsa. Buɗewa kawai nake yi, in ban buɗe ba sai in ji kamar akwai aikin da na bari ban yi ba." A ranar na ɗauki maganar a matsayin dabarar yaro mai neman sassauci. Sai da watanni suka wuce na gane cewa ya faɗa mini ainihin ciwon tun a zaman farko, ni ne ban saurara ba.

Tarihinsa da gem bai bambanta da na akasarin tsararrakinsa ba. Yana ɗan shekara 12 ya fara leƙa gidan gem na unguwa, ɗan shago mai rufin kwano da talabijin uku da benci, da janareta tana ruri a bayan ɗaki, inda yara ke buga ƙwallo a PlayStation 2, wadda ta fito tun shekarar 2000 amma ta daɗe tana ci a wurinmu bayan sababbi sun shigo. Ƙa'idar wurin ita ce wanda aka ci shi ke biya. Wancan zamanin yana da iyakokin da babu wanda ya zauna ya tsara su: kuɗin aljihu yana ƙarewa, mai shago yana rufewa idan aka kira magariba, man janareta yana ƙarewa, kuma babban yaya yana iya shigowa ya ja kunnen mutum ya fito da shi. Wasan kansa yana da farko yana da ƙarshe. Minti goma an tashi, a yi wa wanda aka ci tsiya, a watse.

Waɗannan iyakoki sun rushe a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, shi kuma ya samu wayar Android ta hannu. A daidai lokacin ne wasannin harbi na waya suka cika hannun samari: Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Ba zan ambaci wanda ya zaɓa ba, domin tsarinsu kusan ɗaya ne. Ana sauke 'yan wasa hamsin ko ɗari daga jirgin sama da lema a wani fili, kowa ya nemi makami, filin ya riƙa tsukewa har a ƙure juna, wanda ya rage shi ya ci. Saukewa kyauta ne, kuma ana shiga a gungun mutum huɗu da ke magana da juna ta murya. Gungunsa ya ƙunshi abokai biyu na unguwa da wani ɗan Kano da bai taɓa gani ido da ido ba.

Yajin aikin malaman jami'a na ASUU, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairun 2022 bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, shi ne ya ba wasan fili sosai. Wata takwas yaron yana gida, yana taya mahaifinsa zama a shago da safe kawai, sauran yinin da rabin dare kuma na gem ne. Ya kamata in yi adalci a nan. Shi da kansa ya ce waɗannan watanni ne na ƙarshe da ya ji daɗin wasan, kuma ba a banza ya ji ba: ya samu abokai, Turancinsa ya gyaru saboda cuɗanya da 'yan wasa na wasu wurare, ya kuma samu abu guda da ya fi kowa iyawa a unguwa, a lokacin da karatunsa ya tsaya cik ba da laifinsa ba. Mu ma iyaye mun yi shiru, domin a garin da ake fargabar yaro ya faɗa cikin 'yan daban da ake kira 'yan Kalare ko shaye-shaye, wanda ke zaune a ɗaki da waya a hannu ba ya tayar wa kowa hankali.

Abin da ya faru bayan haka ba zai fahimtu ba sai an dubi yadda aka gina irin waɗannan wasanni. Tun da ba a sayar da su, ribarsu tana zuwa ne daga dawowar ɗan wasa kullum da kuma 'yan kuɗin da yake kashewa a ciki. Saboda haka akwai tukuicin shiga na kowace rana, akwai ayyukan yini da na mako da ake so a kammala kafin wa'adinsu ya wuce, akwai tikitin da ake saya wanda ba a cin moriyarsa sai an buga sa'o'i masu yawa kafin ya ƙare. Mafi nauyi shi ne matsayi. Ɗan wasa yana hawa mataki bayan mataki, idan aka kashe shi da wuri a rage masa maki, idan kuma zango ya ƙare, bayan kamar wata biyu, a sauko da kowa ƙasa a sake hawa. Wanda ya kai sama bai huta ba ke nan, aikin tsare wurin ne ya fara. Sai kuma kayan ado na cikin wasa, riguna da fentin bindiga, waɗanda sau da yawa ba a saya kai tsaye, sai dai a biya a juya a ga abin da sa'a za ta kawo. Hukumar da ke kula da caca a Beljiyam ta ɗauki irin wannan akwatin sa'a na kuɗi a matsayin caca tun a 2018. Masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a gwaje-gwajensa na tsakiyar ƙarnin da ya wuce cewa tsuntsun da ake ba hatsi ba bisa ƙayyadadden lissafi ba, wani lokaci bayan tsattsaga biyu, wani lokaci bayan ashirin, ya fi dagewa da tsattsagar maɓalli a kan wanda ya san ranar samunsa. Abin mamaki, da tattabaru ya yi yawancin gwajin, kuma tattabaru za su sake shigowa wannan labari ta wata ƙofa.

Amma a ganina ba wannan ne ya fi ɗaure yaron ba. Kunya ce. Idan mutum ɗaya a cikin huɗu bai zo ba, sai a haɗa sauran da baƙon da bai san salonsu ba, su faɗi, makinsu ya ragu. Ƙin shiga ya zama kamar cin amanar abokai, musamman ga wanda ake kallo a matsayin jagoran gungun. Ƙarfe goma na dare saƙo zai shigo, "Kai muke jira," shi kuma ba shi da fuskar cewa ya gaji. Ga wahalar wurinmu a kan haka. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, masu cajin waya da janareta sun ƙara kuɗi, data tana cin abin da ake ba shi na makaranta, a zafin Maris da Afrilu na Gombe wayar takan yi zafi har ta riƙa tsayawa, sabis kuma ya ɗauke a tsakiyar faɗa a kashe shi yana kallo. Wata rana ya buga wayar da bango har gilashinta ya tsage, ya ce wa mahaifiyarsa faɗuwa ta yi.

Alamomin gundurar, kamar yadda ya zayyana mini su daga baya, sun bambanta da abin da mutanen gida suke zato. Idan ya ci, ba murna yake yi ba, ajiyar zuciya kawai yake yi cewa makin bai ragu ba. Idan aka ci shi, ransa ya ɓaci har washegari. Yakan sauke sabon gem, ya buga minti goma, ya goge, ya sauke wani. Wani daren sai ya kwanta yana kallon wasu suna bugawa a YouTube, domin hannunsa ya gaji amma idonsa ya kasa barin allon. Ga ciwon kai da na babban yatsa da ya riƙa ɓoyewa.

Da na fara karatu a kan lamarin, na tarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamuwa da gem a cikin kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda aka amince da shi a watan Mayun 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. Sharuɗɗan su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran harkokin rayuwa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma a bisa al'ada a ga haka na tsawon wata 12 tare da mummunan tasiri a karatu ko aiki ko iyali. Wasu daga cikinsu sun yi daidai da yaronmu. Sai dai a cikin kundin nan ne kuma hukumar ta bayyana halin da ma'aikaci ke shiga idan aiki ya cinye shi: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta nisanta daga aikin har ya riƙa jin haushinsa, ƙwazo ya ragu. Hukumar ta taƙaita wannan ga wurin aiki, kuma ba ta kira shi cuta ba. Duk da haka, a nawa hukuncin, wannan siffa ta biyu ta fi kama da abin da na gani, domin gem ɗin ya riga ya koma masa aiki, mai lokacin shiga da abokan aiki da ma'aunin ƙwazo, sai dai babu albashi kuma babu ranar hutu. Abu ɗaya da na tabbatar kafin in ci gaba shi ne ko gundurar ta tsaya a gem ne ko ta mamaye komai, domin wanda ya daina jin daɗin abinci da hira da duk abin da yake so a da, ko yake maganar gajiya da rayuwa, wurin likita ya kamata a kai shi, ba wurin kawu ba. Na tambaye shi kai tsaye, na kuma sa ido. Yana dariya da ƙannensa, yana musu a kan ƙwallon Turai, yana cin tsire da marmari.

Matakin da muka fara ɗauka kuskure ne, kuma ni na kawo shawarar. Na sa shi ya goge wasan a gabana, mahaifinsa ya karɓe wayar. Ba a yi mako ba aka mayar masa, saboda sanarwar aji da takardun lacca duk ta WhatsApp suke zuwa. Bayan kwana huɗu ya sake sauke wasan, ya tarar da komai nasa yana nan, tun da ba a cikin wayar ake ajiye shi ba. A kwanakin da babu gem ɗin ma TikTok ya koma, an gudu ba a tsira ba. Mun cire masa abin da ke cika sa'o'i shida ko bakwai na yininsa, ba mu sa komai a gurbin ba, ba mu kuma taɓa batun abokan da ke jiransa ba.

Abin da faɗanmu ya kasa, rashin wuta ne ya yi. A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka samu matsala, aka shafe fiye da mako guda cikin duhu a jihohi da dama, har da Gombe da Kano. Wurin caji ya cika, kowa yana tattalin batirinsa don kira. A karon farko cikin shekara huɗu, su huɗun duka suka ɓace a lokaci ɗaya, babu mai jiran wani, babu wanda zai ji kunya. Ya riƙa barci kafin goma. Da na same shi a kwana na shida ina tsammanin zan tarar da shi a takure, sai ya ce, "Kawu, ji nake kamar an ba mu hutun makaranta." Wannan ce shaidar da ta sa na sauya fahimtata. Da wuta ta dawo ya buɗe wasan, ya ga an wuce shi nesa, tukuicin kwanaki ya tafi, kuma babu abin da ya ragu a jikinsa. A daren ya aika wa gungun saƙon murya cewa su nemi wani, shi ya gaji. Abokan unguwar biyu suka ce su ma sun daɗe da gajiya, kowa yana zuwa ne don kada ya ba sauran kunya. Ɗan Kanon bai amsa ba.

Neman abin da zai maye gurbi bai zo da sauƙi ba. Ya fara da ƙwallon yamma a wani fili kusa da filin wasa na Pantami, ya yi mako uku ya bari. Numfashinsa ba ya kai minti ashirin, kuma wanda ya saba zama gwani bai jure zama wanda ake zaɓa a ƙarshe ba. Targaɗen da ya samu a idon sawu uzuri ne kawai ya samu. Ni kuma na kai masa littattafan Hausa, ya karanta shafi uku hannunsa ya koma laluben waya. Laifina ne, abin da nake so na kai masa.

Mafitar ta zo daga maƙwabcinsu, wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe da ya shafe shekaru yana kiwon tattabaru a saman soronsa. Ciwon gwiwa ya hana shi hawa tsani, sai ya roƙi yaron ya riƙa hawa yana share ɗakin tsuntsayen yana zuba musu hatsi da ruwa. Bai san labarin gem ba, kuma bai ɗauki abin a matsayin magani ba, taimako kawai ya nema, ina kuma ganin wannan ne ya sa yaron ya karɓa. Bayan wasu makonni, cikin hunturu, ya ba shi mace da namiji, ya ce, "Ɗana, kada ka sake su sai sun yi ƙwai, in ba haka ba gidana za su dawo." Yaron ya haɗa akurki da guntayen katako a bayan ɗakinsa. Tattabara ƙwai biyu take yi, kwanci kuma kamar kwana 18 ne, namiji yana karɓa da rana, mace ta kwana a kai. Idan suka ƙyanƙyashe, uwa da uba duka suna ɗura wa 'yan shila wani abu mai kama da madara da ke fitowa daga maƙoƙonsu, sai bayan kamar mako huɗu su fara tashi. Babu kuɗin da zai rage kwana ɗaya daga wannan lissafi. Ya gaya mini cewa a makon farko yana leƙa akurkin kusan sau goma a yini, har dattijon ya hana shi, ya ce zai sa su bar ƙwan.

'Yan shilan farko mage ce ta cinye su da dare. Ya yini bai ci abinci ba, na ji tsoron a nan zai watsar. Washegari ya sayo raga ya yi ƙofa, ya ɗaga akurkin daga ƙasa. Daga nan sauran abubuwa suka biyo baya ba tare da an tsara su ba. Tsuntsaye da sassafe suke neman abinci, dole ya tashi, wanda ya tashi da asuba kuwa ba ya kai ƙarfe biyu ido biyu. Ya gyara tsohon keken mahaifinsa don zuwa Tudun Hatsi sayen dawa da gero, numfashin da ƙwallo ta nema ta rasa sai ga shi keke yana kawowa a hankali. Ya koyi sa musu 'yar kanwa a ruwa kamar yadda masu kiwo ke yi, ya kuma saba da masu sayar da tattabaru, manya da yara, da ke yini suna musu a kan launi da asali da wadda ta fi riƙon gida.

Na taɓa tsokanarsa cewa ya gudu daga aikin kullum ya faɗa wani aikin kullum, tun da tattabaru ma ba sa yafe rana ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haka ne, Kawu, amma su suna ƙoshi." Na daɗe ina juya wannan amsa. Minti ashirin da safe, minti ashirin da yamma, aiki ya ƙare, ko yana so ya ƙara babu abin da zai ƙara. Iyakar da gidan gem na yarintarsa yake da ita, wadda waya ta rushe, ita ce ya sake samu a akurki.

Ba komai ne ya daidaita ba. Halin ƙirga da son wuce kowa bai bar shi ba: akwai lokacin da ya fara raba dare yana kallon bidiyon tattabarun ƙasashen waje, yana lissafin yadda zai sayi masu tsada da kuɗin makarantarsa, sai da dattijon ya taka masa birki, ya ce wanda bai iya riƙe na gida ba kada ya kai hannu ga na ado. Daga cikin kwasa-kwasan biyu ya ci ɗaya, ɗayan yana jiran zango mai zuwa. Bai bar gem gaba ɗaya ba, ni ma ban nemi ya bari ba. Ranar Asabar da yamma yakan kai ƙaninsa gidan gem su buga ƙwallo biyu ko uku, wanda aka ci ya biya, su dawo kafin magariba. Wasan harbin kuwa yana nan a wayar, ya ce ya buɗe shi sau biyu a cikin wata shida, ya rufe kafin a sauko daga jirgi.

Ziyarata ta ƙarshe na ƙirga tattabaru goma sha huɗu. Na tarar da shi da mahaifiyarsa suna jayayya, shi yana neman a ba shi lungun da ake ajiye itace ya faɗaɗa akurki, ita kuma tana nuna mini zannuwan da ta shanya tsuntsayen suka ɓata, tana cewa in yi wa ɗana magana. Da zan tafi ya rako ni bakin zaure, ya ce ya aika wa ɗan Kanon nan hoton 'yan shila tun makon jiya, alama ta nuna ya gani, amma har yanzu bai ce komai ba.